Yadda Likita Ke Tantance Sakamakon Gwajin Ƙwaya na Ma'aikata a Ƙasar Gumel

Duk ranar Alhamis, tun kafin rana ta take tsaka, tireloli sun jeru a bakin kasuwar dabbobi ta Maigatari suna jiran lodi. Shanun da suka tsallako daga Dungas da sauran garuruwan Damagaram za su kama hanyar Kudu, direban da ya ɗauke su kuwa sai ya kwana biyu haƙarƙarinsa bai taɓa katifa ba. Irin waɗannan direbobi, da masu gadin rumbunan riɗi da zoɓo, da masu tuƙa tarakta a manyan gonakin Gagarawa, da samarin Sule Tankarkar masu neman shiga aikin ɗamara, su ne yanzu ake miƙa wa ɗan kofin roba a ce su zagaya su kawo fitsari.

Karɓar fitsarin ba wani aiki ba ne, kowane ma'aikacin ɗakin gwaji ya iya. Ana gane gwani ne bayan takarda ta iso teburin likitan da zai sa hannu, don da alƙalaminsa wani zai ci gaba da cin abinci, wani kuma ya koma gida ya rasa bakin yi wa iyali bayani.

Amurka ce ta fara mayar da wannan dubawa sana'a mai zaman kanta. A 1986 Shugaba Ronald Reagan ya ba da umarnin gwada ma'aikatan gwamnatin tarayya. Sai ga haɗarin jiragen ƙasa na Chase, a jihar Maryland, cikin Janairun 1987, wanda ya ci mutum 16, aka kuma gano direban ɗaya jirgin ya sha wiwi. Dokar 1991 ta wajabta gwajin a kan direbobin manyan motoci da matuƙan jirage, ƙa'idojin da aka shimfiɗa kuma suka hana sakamako zuwa hannun mai kamfani kai tsaye: sai ya bi ta hannun likita, ya ji ta bakin ma'aikaci tukuna. A Najeriya gwajin ya riga wannan likita isowa. Tun da Buba Marwa ya karɓi hukumar NDLEA a 2021 yake kiran a riƙa gwada masu neman aiki da masu neman mulki, kuma a shekarar ce Kano ta gwada 'yan takarar ƙananan hukumomi, wasu suka faɗi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da gwamnati a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shaye-shaye a ƙasar, miliyan 4.6 daga ciki dangin tramol suke sha, miliyan 2.4 kuma ruwan maganin tari. Sai dai a gari irin Gumel babu wanda aka ɗauka musamman don tantancewa. Aikin yakan faɗa kan likitan da ya riga ya gaji da layin marasa lafiya, ko wanda kamfani ya yi yarjejeniya da shi.

Da takarda yake farawa, ba da sakamako ba. Lambar da ke jikin kwalba ita ce a fom? Mai fitsarin ya sa hannu ko ya dangwala a kan hatimin? Wa ya karɓa, da ƙarfe nawa, wa ya miƙa wa? In aka sami inda igiyar ta tsinke, an soke gwajin ke nan, ko da tsinken gwajin fitsari ya nuna duk ƙwayoyin duniya. Yakan kuma tambaya ko an raba fitsarin gida biyu, mililita 30 a kwalba ɗaya, 15 a ɗaya, domin ta biyun ita ce ɗaukaka ƙarar ma'aikaci.

Sai tambayar da mutane ke yi wa dariya: abin da ke cikin kofin ma fitsari ne, kuma na mutumin ne? Ƙa'ida ita ce a duba ɗuminsa cikin minti 4, ya kasance tsakanin digiri 32 da 38. A ƙasar sanyi wannan na kama mai fitsarin aro. A Gumel cikin Afrilu, da zafi ke haura 40, fitsarin ƙane da aka ƙulla a leda aka soke a aljihu zai iso da ɗuminsa daram, don haka likitan nan ya fi dogara da caje aljihu da rufe famfon banɗaki. Yana kuma duba kiriyatinin, dattin da tsoka ke fitarwa ta ƙoda. In ya gaza miligiram 20 a kowace desilita, fitsarin ya tsinke da ruwa. In ya gaza 2, da wuya a ce daga jikin ɗan Adam ya fito. Tsinkewa kaɗai ba laifi ba ce. Direban da ya shanye ledar fiya wata guda shida a tasha saboda ƙishi zai kawo fitsari fari tas ba da wata manufa ba, sai a sake kiransa ba shiri. Watan azumi kuwa matsalar akasin haka ce: mutum ya tsaya ya kasa kawo ko cokali, ƙa'idar Turawa ta ce a ba shi ruwa kamar lita ɗaya a jira shi awa 3, shi kuwa bakinsa a rufe. Mai hankali yakan ɗaga gwajin zuwa bayan shan ruwa, bai rubuta wa bawan Allah cewa ya ƙi ba da fitsari ba.

A wajen karanta tsinken ma ana yin ɓarna. Ma'aikatan lafiyar karkara sun saba da tsinken zazzaɓin cizon sauro da na juna biyu, inda layi biyu ke nufin an samu. Na ƙwaya a juye yake: layi biyu babu komai, layi ɗaya ne alamar an samu. Kuma layin na biyu ko da ya fito dishi-dishi, sai an karkata shi wajen taga kafin a gan shi, layi ne, mutumin ya tsira. A minti 5 ake karantawa. Tsinken da aka bari a kan tebur aka tafi salla aka dawo ba shi da sauran shaida.

Tsinke karen gadi ne, yana yi wa ɓarawo haushi, yana yi wa baƙo. Ba sunan magani yake karantawa ba, siffar sinadari yake kamawa, duk abin da ya yi kama da ita sai ya cafke. Wani ɓarawon kuma yakan wuce ta gabansa salin-alin. Kofin gwaji mai gida biyar da ake shigowa da shi an tsara shi ne don shaye-shayen Amurka: wiwi, hodar iblis, dangin amfetamin, dangin mofin da PCP. Gidan mofin ba ya ganin tramol, sai an sayi tsinkensa na daban. Ƙwayar Exol ba ta fitowa, haka sholisho da zaƙami. Saboda haka kamfanin da ya sayi kofi mai araha ya gwada direbobinsa duka suka fito fes bai san komai ba tukuna, kuma likita na gari yakan faɗa wa manaja haka tun kafin a kashe kuɗi.

Yanzu aka zo wurin da aikin yake. Layi ɗaya ya fito, sai a kira mutumin.

Ƙofa a rufe, ba manaja, ba ɗan rakiya, ba ma'aikaciyar jinya mai kai da kawo. Likita ba ya buɗe baki da sunan abin da aka gani, don in ya faɗa ya ba da amsa. Bayan gaisuwa yakan ce, "Malam, duk abin da ka sha na magani cikin wata guda nake so ka lissafa min, na asibiti, na kemis, na gargajiya, har wanda aboki ya ba ka a hanya." Amsar farko kusan kullum ɗaya ce: "Wallahi Likita, ko sigari ba na sha." Sau da yawa gaskiya ya faɗa, tambayar ce bai ɗauka ta shafi maganin mura ba. Sai an bi shi a hankali, ciwo bayan ciwo. Ya kwanta asibiti kwanan nan? An yi masa allura? Yana tari? Barci fa?

Wani lokaci kofin ne ke fara magana. Fitsari ya fito ja-ja kamar ruwan lemo, gidan mofin kuma ya nuna layi ɗaya. Likitan da ya daɗe a asibitin gwamnati ba ya ko ɗaga gira, sai ya tambaya wata nawa aka yi ana shan maganin tarin fuka. Rifamfisin ke rina fitsari haka, kuma an san yana ruɗin gidan mofin a wasu tsinkaye. Katin shan maganin wata shida ya isa ya nuna hanya. Haka oflokzasin da lebofulokzasin, da ake rubutawa barkatai da sunan taifot, suna ruɗin gida ɗaya. Maganin mura mai sudo'efedirin yana fitowa a gidan amfetamin.

Mafi nauyi shi ne mutumin da gidan wiwi ya kama, ga shi dattijo mai saje, ya sunkuyar da kai ya ƙi cewa uffan. Efabirenz, ɗaya daga magungunan cutar ƙanjamau, an daɗe da sanin yana sa wasu tsinkaye su nuna wiwi alhali babu. An mayar da yawancin masu karɓar magani kan wani sabo a 'yan shekarun nan, amma akwai ragowa. Irin wannan mutum ya gwammace a kira shi ɗan wiwi a kore shi da a ji sirrinsa a garin da kowa ya san kakan kowa. Nan ne likita ke rage murya ya ce, "Baba, abin da ka faɗa a ɗakin nan a nan zai tsaya. Akwai maganin da kake karɓa duk wata?" In ya gyaɗa kai, magana ta ƙare. Dokar hana tsangwamar masu cutar ta 2014 tana bayansa, kuma abin da zai je wa kamfani kalma biyu ce: babu komai.

Waɗannan duka ruɗin tsinke ne, injin tabbatarwa na ɗakin gwaji na wanke su. Wahalar tana ga wanda ƙwayar da gaske tana jikinsa. Mai sikila da ciwo ya tayar masa makon jiya aka ba shi tramol a asibiti yana da hujja, kuma likita zai nemi katinsa, ya buga wa wanda ya rubuta maganin waya, ya duba ko kwanan wata ya yi daidai, don tramol ba ya wuce 'yan kwanaki a fitsari. Katin bara ba ya wanke fitsarin bana. Mai farfaɗiya da ke shan fenobabiton shi ma yana da hujja. Amma mafi yawan masu shigowa ɗakin ba su da ko guntun takarda. Sun je kemis sun ce jikinsu na ciwo, an ƙulla musu haɗi a leda, ja da fari da ruwan ɗorawa, ba suna ba kwali. Ƙa'idar Amurka a nan ba ta da sassauci: in ba takardar likita da sunanka, ka faɗi, ko maganin matarka ka sha. Wanda ya ɗauko ta ya dasa a Maigatari yadda take zai kori mutanen kirki da yawa. Wanda kuma ya karɓi "a kemis aka ba ni" daga bakin kowa, gara ma kada a yi gwajin.

Abin da ƙwararru ke yi shi ne su aiki mutumin ya kawo ragowar haɗin ko fankon, yau ba gobe ba. Fanko ba ya ƙarya. Hukumar NAFDAC tramol mai miligiram 50 da 100 ta amince da shi. Wanda ya zaro sacet mai 225 daga aljihu ya amsa tambayar da kansa, don ba asibitin da ke rubuta shi. Kwalbar maganin tari mai kodin ma haka, tun Mayun 2018 gwamnati ta hana yin sa da shigo da shi, bayan rahoton BBC da ya tona yadda ake kwankwaɗarsa a Kano. Mai ƙaramin kemis kuwa lasisinsa bai ba shi ikon sayar da tramol ko diyazefam ba tun farko. Saboda haka labarin kemis yana bayyana yadda abu ya shiga jiki, amma ba ya halatta shi. Likita zai rubuta an samu, sannan in ya ga mutumin jahilci ne ya kai shi ba jaraba ba, ya ƙara da shawarar a ba shi dama: nasiha, magani, a sake gwada shi ba sanarwa. Ya rage ga rubutacciyar dokar kamfanin.

Akwai uzurorin da likita ya haddace. "A shayi aka zuba min." Mai yiwuwa ne, ana yi, amma ba abin da zai tabbatar, kuma wanda aka zuba wa sau ɗaya ba a sake kama shi bayan mako biyu. "Yaran mota ne ke busawa kusa da ni." Tsinken wiwi sai ya kai nanogiram 50 a mililita yake kamawa, hayaƙin wani ba ya kai mutum can sai an kulle su a ɗaki marar taga hayaƙi ya turnuƙe. Goro da gahawa kuwa, komai yawansu, ba ruwan tsinke da su.

Tsofaffin likitocin yankin sukan tuna lokacin da magani ba ya fitowa sai ta tagar asibiti, kowace ƙwaya ɗaya a rubuce a kati, ka ɗauko fayil ka karanta tarihin mutum tun yarinta. Yanzu magani na yawo a kan tire a tasha, rana na dukansa. Duk da haka suna alfahari da abu guda: sun san mutanensu. Sun san lokacin girbi da lodin riɗi ne 'yan dako ke neman abin ƙarin ƙarfi, sun san ba nishaɗi ke kai yawancin direbobi ga tramol ba, mai mota ne ya ce a kai kaya Legas a juyo kafin wata Alhamis. Sanin nan kuma shi ne jarrabawarsu. Kafin magariba an yi sallama a ƙofar gida, kawun yaron da aka gwada ne da wani mai faɗa a ji: "Ranka ya daɗe, a rufa asiri, shi ke riƙe da gidan." Ta ɗaya gefen ga manajan da ya riga ya ƙosa da ma'aikaci yana neman sa hannun da zai fake da shi. Wanda ba zai iya ba su haƙuri su duka biyun ba, bai kamata ya karɓi aikin ba.

Duk layi ɗayan da zai iya raba mutum da aikinsa sai an tabbatar da shi a injin GC-MS ko LC-MS, wanda ke kiran kowane sinadari da sunansa. Ba a ajiye irinsa a asibitin karkara, sai an sa kwalba a akwatin ƙanƙara an aika babban birni, kuma kuɗinsa ya ninka na tsinke sau da yawa, shi ya sa ake yawan tsallake shi. Takardar da ke dawowa ma sai mai ido. Sunaye uku za su fito, nodiyazefam, temazefam, okzazefam, sabon hannu ya ce mutumin kantin magani ne, alhali diyazefam ɗaya ce hanta ta sarrafa. Kodin na juyewa mofin a jiki, don haka ganin su tare ba ya nufin hiroyin. Shaidar hiroyin ita ce sinadarin 6-MAM, wanda ke ɓacewa cikin sa'o'i. Kuma adadin da ke fitsari ba ya faɗin ƙwaya nawa aka sha, ko mutum a buge yake ranar. Mai shan wiwi kullum zai iya dainawa har wata guda ana ganinta a fitsarinsa. In ma'aikaci bai yarda ba, ƙa'idar Amurka ta ba shi awa 72 ya nemi a buɗe kwalba ta biyu a wani ɗakin gwajin, kuma ya kamata a ara wannan.

Giya kuwa a Jigawa, inda ake aiki da shari'ar Musulunci tun 2000, ba aiki kaɗai take ci ba, har da mutunci da aure, don haka hattara ta ninku. Na'urar hurawa in ta nuna wani abu, a jira minti 15 ba ci ba sha a sake, saboda ruwan kurkure baki da wasu magungunan ruwa suna barin giya a baki ba a jini ba. A sufurin Amurka awon 0.02 a na'urar na sa a sauke direba na ɗan lokaci, 0.04 kuma karya doka ne. Jiki na ƙone kimanin 0.015 a kowace awa, wanda aka gwada da la'asar kan haɗarin asuba an makara. In jini za a ɗiba, ba a goge fata da sifirit. Tarkon da ya fi kama likitocin ƙasar zafi shi ne fitsarin mai ciwon suga: in akwai suga da ƙwayar yis a ciki aka bar kwalbar a kan kanta ta yini, da kanta za ta tsimu ta zama giya, a wayi gari ana zargin liman da abin da bai taɓa sansana ba. Ganin giya a fitsari, abu na farko shi ne a auna sugan da ke ciki.

Rahoton da ke zuwa kamfani gajere ne: babu komai, an samu, an soke, ko ya ƙi gwaji. Ba sunan cuta, ba jerin magunguna. Abu ɗaya ake ƙarawa in ya kama. Mai farfaɗiyar nan da katinsa ya wanke shi, gwajinsa babu komai, amma ba za a ba shi tirela mai shanu arba'in ya hau titin Gumel zuwa Kano ba. Likita zai rubuta a takarda daban cewa a canza masa aikin da ba tuƙi, ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma zai gaya wa mutumin da bakinsa kafin takardar ta fita.

Ma'aikacin da aka ce gobe gwaji, ya tattara duk katin asibiti da fankon maganin da ya sha cikin watan ya tafi da su, ya kuma tsaya a raba fitsarinsa kwalba biyu a liƙe a gabansa. Masu kamfani da shugabannin tasha kuma su sa kuɗin tabbatarwa a kasafi tun ranar da suka sayi kofunan, su daina sallamar mutum a kan tsinke kaɗai.